Kafin Ƙanƙara Ta Narke

Mun bar Yawuri hantsi bai ɗaga ba,
akwatin sanyi a kan cinyata,
ƙanƙara huɗu, allurar mutum ɗari uku.
Injin Nomau na tari kamar mai mura,
tsibirin na can, ɗigon baƙi bisa ruwa.

Malam Hakilu ne ya tono zancen.
Ya aje alli shekara tara,
lissafi dai ya ƙi aje shi.
Ya dubi akwatina ta saman tabarau:
"'Yar nan, wahala kuke saye da kuɗi.
Na ji masana a rediyo:
a bar annoba ta ratsa gari,
in ta kama bakwai cikin goma
sai ta rasa masauki ta kama hanya,
ukun da suka rage su sha inuwa.
Garkuwar garke suke ce mata.
Ba allura, ba kuɗin mai,
ba a garƙame kasuwa a kwana da yunwa."

Mai buhunan albasa ta ce, "Awo!
Wancan kulle da anka yi muna,
cutar ko atishawa ba ta sa ni ba,
bashi ne ya kai ni bakin kushewa."

Ina da amsa, irin ta takarda,
da kashi kaza cikin ɗari.
Kafin in jera ta, wani ya yi gyaran murya.
Jaɓɓi ne, can a goshin jirgi,
igiyar maraƙi naɗe a hannu,
tun tasowarmu bai ce uffan da kowa.

"Malam, garke na ji ka ambata.
Ka taɓa kiwo?
Shekarar bushiya ina ɗan saurayi,
shanun babana tamanin da uku.
Mai allura ya zo, muka kora su daji da dare.
Baba ya ce mai ƙarfi za ta tashi.
Bakwai suka tashi.
Kuma gaskiyarka, bakwai ɗin nan
ciwon bai sake kallon su ba har tsufa.
To ga garkuwa.
Saba'in da shida ni na ja su rami,
ungulu ta ƙoshi har ta kasa tashi.
In kana so in kira maka sunayensu,
zan gama kafin mu kai gaɓa,
ban manta ko ɗaya ba, har 'yar gurguwa."

"Mutum ba saniya ba ne," in ji Malam.
"Kai ka ce garke," in ji Jaɓɓi.
Nomau ya yi dariya har jirgi ya karkata,
muka riƙe juna muna salati da tsawa.

Malam bai faɗi ba, ya juyo kaina:
"Allurarki ɗari uku, tsibirin dubu biyu.
Sauran fa? Ke ma zaɓe za ki yi."
Maganar ta shige ni kamar ƙayar kifi.
Jiya na kwana kan wannan ƙidaya,
tsofaffi tukuna, masu hawan jini,
sai wa? Na ce, "Zan dawo Laraba."
Ya ce, "In an ba ku mai."
Na yi shiru, ina jin ƙanƙara na narkewa.

Da muka taɓa yashi, na miƙa masa akwatin
don in tattare zane in sauka.
Hannun rigarsa ya zame baya,
sai ga lamba a damtse, zagayayya,
tsohon tabo mai faɗin sule,
wata ta taɓa goyo shi ta tsaya layi a rana.
Ya ga na gani. Ya ja riga ya rufe.
"Lissafina na nan daram," ya ce,
yana tafe gabana cikin taɓo,
ya lulluɓe akwatin da babbar rigarsa
kada rana ta taɓa shi kafin mu kai inuwa.